Lissafi Ba Ya Kore Albarka: Abin da Mai Shayin Umbadda Ta Koya Min

Wata Asabar a gidan biki a nan Kano na yi wata magana da har yau ake juya ta a dangi. An kawo min anko, atamfa da mayafi da kuɗin ɗinki za su tashi naira dubu 45. Na ce a yi min afuwa, ba ya cikin lissafina na wannan watan, amma ga gudummawata ta dubu 10 a miƙa wa uwar amarya. Wata yayarmu ta tafa hannu ta ce, "Wai lissafi! Ke yanzu har rubutawa kike yi?" Na ce ƙwarai, kullum dare kafin in kwanta. Ta ce a ina na koyo wannan ƙaƙale. Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai na faɗi gaskiya, na ce wata Kirista mai sayar da shayi ce ta koya min a Umbadda, lokacin da muke zaune a Sudan.

Ɗakin ya yi tsit. Can sai wata ta ce, "A rasa mai koya miki zaman duniya sai wadda ba ta salla." Wata dattijuwa kuma, da kyakkyawar niyya, ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, ki daina ƙirga abin da Allah Ya ba ki, ƙirge yana kore albarka." Ban tanka musu ba, don gidan biki ba wurin musu ba ne. Amma maganganun nan biyu sun tsaya min a rai, domin su ne ke hana gidaje da yawa barci alhali masu gidan ba su sani ba. Amsar da na haɗiye ranar ita na zo da ita yau, kuma ba zan sassauta ta ba.

Sai na fara da gaya muku inda abin ya faru. Umbadda yanki ne a yammacin Omdurman, tsallaken Kogin Nilu daga Khartoum. Ƙidayar 2008 ta samu kusan mutum miliyan ɗaya a cikinsa. Unguwannin lamba gare su, ana kiran kowace "hara", kuma babbar kasuwar yankin ita ce Suƙ Libya. Wuri ne na waɗanda fari ko yaƙi ko neman abinci ya kawo birni: mutanen Darfur, mutanen Kordofan, 'yan Kudu, da Hausawanmu waɗanda kakanninsu suka bi hanyar Makka a ƙasa suka yada zango, wasu kuma suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. A gefen da muka zauna ruwa a ganga ake sayensa daga amalanken jaki. Maigidana ya je karatu ne ya zarce da kasuwanci, ni kuma na bi shi a 2014. Ina sayen turaren wuta da humra da dilka da lafaya ina aikowa Kano.

Katanga ɗaya ta raba mu da matar da nake magana a kanta. Ina kiranta Khala, yadda 'yan Sudan ke kiran 'yar uwar mahaifiya. Mutuniyar Duwatsun Nuba ce a Kordofan ta Kudu, mijinta ya rasu, tana riƙe da 'ya'ya huɗu da jika ɗaya. Jarinta kurfoti ne da butoci da kofuna da ƙananan kujeru, a gindin wata bishiya kusa da tashar mota. Cocinsu ya samo asali ne daga ƙungiyar mishan ta SUM, wadda ta fara aiki a Wase ta Filato a 1904, reshenta kuma ya isa Heiban a Duwatsun Nuba a 1920. Da ta ji daga Nijeriya nake sai ta ce ashe mu 'yan gida ɗaya ne. Ribar da nake samu a jaka ɗaya ta turare ta fi abin da take samu a mako biyu. Duk da haka ni ce nake leƙa katanga ina ce mata, "Khala, ranta min kuɗin ruwa zuwa jibi." Ita ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙowa ba.

Rannan na shiga wurinta bayan isha na tarar da ita zaune kan tabarma, ga cinikin yini a gabanta, ga gwangwanayen madara biyar, ga wani littafin 'yan makaranta da ya sha hannu. Karatunta bai yi zurfi ba, amma ta iya rubuta lamba. Da farko takan ware kuɗin jari, wato sukari da ganyen shayi da gawayi da citta na gobe, ta zuba a gwangwani na ɗaya. Wannan ba nata ba ne, na sana'a ne. Abin da ya rage shi ne riba, sai ta kasa shi goma. Kashi ɗaya na Allah ne, shi take kai wa coci ranar Lahadi, Kiristocin Hausa suna ce masa ushiri ko zakka. Kashi shida na ci da ruwa da haya. Kashi biyu na makaranta da asibiti. Kashi ɗaya na ƙarshe shi take kira "na Yusuf", ba a taɓa shi sai ranar da masu kame suka kwashe mata butoci ko wani ya kwanta ciwo. Tana gamawa ta rubuta, ta rufe littafin, ta yi addu'arta, ta kwanta.

Na yi mata irin tambayar da yayarmu ta yi min, har da dariya. Ta ce, "'Yata, kuɗin nan ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni. Kin taɓa ganin wanda aka ba ajiya bai san nawa ba ne?" Wannan shi ne tushen abin a wurinsu. Mutum wakili ne a kan abin da ke hannunsa, Mai shi kuma zai tambaya. Ta ba ni misalin da ke cikin Linjilar Luka, sura 14, na mutumin da ya tashi gina hasumiya: in yana da hankali sai ya zauna ya lissafa ko abin hannunsa zai kai, don kada ya sa harsashi ya tsaya, masu wucewa su riƙa nuna shi. Nan take na tuna kangwayen da ke bayan garinmu, waɗanda aka kai linta aka bari shekara goma, awaki na kwana ciki. Na kuma tuna auren da ake ɗaurawa da bashin kayan ɗaki, amarya ta haihu ba a gama biyan kuɗin gadonta ba.

Game da bashi, abin da take riƙe da shi daga littafinsu na Karin Magana shi ne mai cin bashi yakan zama bawan mai ba shi. Ba ta ce bashi haramun ne ba. Ta ce bashi iri biyu ne, wanda zai haifi abin biyan kansa, kamar buhun sukari, da wanda za a ci a gidan biki a wanke hannu. Na farko takan ci in ta kama, ta rubuta ranar biya. Na biyu kuwa ko kusa. Kuma ba ta taɓa cin bashi don ta yi baiko a coci ba, domin a cewarta wasiƙun Bulus sun koyar cewa ana karɓar kyauta gwargwadon abin da mutum yake da shi, da son ransa, ba don an matsa masa ba.

Yanzu bari in koma kan dattijuwar da ta ce ƙirge yana kore albarka. Inna, da girmanki, wace albarka? Ni na zauna shekaru ban ƙirga ba, kuma na san abin da rashin ƙirge yake kawowa. Kuɗi ya shigo da safe, la'asar ba ki san inda ya bi ba, sai ki ce an yi miki sammu ko aljani yana ɗiba. Ki ga kiran waya gabanki ya faɗi, ko mai bin bashi ne. Ki canza hanya don kada ki bi ta gaban mai kanti. Maigida ya ce ina kuɗin cefanen jiya, ki ce sun ƙare, ya ce a me, ki kasa faɗa, a kwana ba a magana. In wannan ce albarkar, to ban gan ta ba. Abin da na gani hawan jini ne da faɗan miji da mata.

Damuwar kuɗi kashi biyu ce, kuma wurin Khala na gane haka. Akwai damuwar rashi, wadda take gaskiya ce, babu littafin da zai share ta. Akwai kuma damuwar duhu, wato rashin sanin iyakar ramin da kike ciki. Ta biyun ta fi cin rai, domin abin da ba ki san girmansa ba zuciya takan ninka shi da dare. Ranar da na fara zama na rubuta duk wanda ke bina, hannuna har rawa yake. Da na haɗa sai na ga bashin da na ɗauka zai kai ni kabari wata bakwai zai biya shi in na bar sayen lafaya don kaina. Bashin bai ragu da ko fam ɗaya ba a daren nan, amma na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Na taɓa ƙure ta. Na ce, "Khala, ba a littafinku aka ce a dubi tsuntsaye ba, ba sa noma kuma suna ci, kada a damu da gobe? To gwangwanin Yusuf na mene ne?" Ta yi dariya ta ce damuwa aka hana, ba shiri ba, kuma ba ta taɓa ganin tsuntsun da ya wuni a sheƙa yana jiran tsaba ba. Ta ce lissafi aikin hannu ne, ana yinsa a gama. Damuwa kuwa ba ta da ƙarshe. Shi ya sa take rufe littafin kafin ta yi addu'a: abin da yake nata ta yi, sauran na Allah ne, ba za ta raba dare tana taya Shi ba. Ni Musulma ce, kuma na san wannan da sunansa a wurinmu, a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Abin kunya shi ne na san maganar tun ina Islamiyya, amma sai a tabarmar mai shayi na ga yadda ake aikata ta.

Ita kuma 'yar uwar da ta ce a rasa mai koya min sai wadda ba ta salla, ga tawa tambayar. In ciwo ya kwantar da ke, kina tambayar addinin mai yi miki allura? In za ki Abuja, kina tambayar direba ko ya yi asuba? Me ya sa sai a wurin koyon tattali ne addinin mai koyarwa zai zama abin ƙi? Malaman tarihi sun ce Sayyadina Umar ya ɗauki tsarin diwani, wato rajistar rubuta masu karɓar rabo daga baitulmali, daga al'adar Farisa, kuma bai rage masa komai ba. Ban bar addinina a Umbadda ba, Khala ba ta taɓa neman in bari ba, ni ma ban nemi ta bar nata ba. Da azumi ita ke tashin yarana su kai tire titi, inda maza ke buɗa baki tare kamar yadda ake yi a Sudan. Da Kirsimeti ni nake taya ta toya ƙaƙ, biskit ɗinsu na salla.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu wanda ya kamata ya riga Musulmi lissafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Zakka ba ta fita sai ka san ko dukiyarka ta kai nisabi, ko shekara ta zagayo, sannan ka cire ɗaya cikin arba'in. Gado ba ya rabuwa sai da lissafi. Suratul Furƙan ta yabi masu ciyarwa tsakanin ɓarna da ƙwauro, kuma ba yadda za ka san tsakiya in ba ka san gefe da gefe ba. Muna da duk wannan a rubuce, muka ajiye a kan kanta, muka ɗauki "kar a ce" muka mayar da shi shari'a. Kar a ce ba ta yi anko ba. Kar a ce lefen akwati shida ne kawai. Kar a ce rago ɗaya aka yanka. Waɗanda kike tsoron kar su ce, ranar da mai bashi zai yi sallama a ƙofarki ba za ki ga ko ɗaya ba.

Wani zai ce lissafi na masu albashi ne a ƙasar da kuɗi ke da daraja, ba na talaka ba a zamanin da farashin safe daban na yamma daban. Wannan magana ce mai nauyi, kuma Sudan ce wurin gwada ta. Bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, fam ɗin Sudan ya kama gangara. A 2018 mutum zai wuni a layin banki ya dawo hannu wofi. A Disambar shekarar burodin fam ɗaya ya koma fam uku, zanga-zanga ta tashi daga Atbara, ta ƙare da faɗuwar Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya fam daga 55 zuwa 375 a dala ɗaya, a Yulin shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Littattafan tattali da ake kawowa daga Amurka sukan ce ka tara kuɗin wata uku zuwa shida a banki. Wanda ya bi wannan a Omdurman ta 2021 ya ajiye ƙanƙara ne a rana.

Khala ba ta jefar da littafinta ba, ma'auni ta canza. Ta ce Yusuf ba takarda ya tara wa Fir'auna ba, hatsi ya tara. Labarin yana cikin littafin Farawa a wurinsu, yana cikin Suratu Yusuf a wurinmu, har da bayanin a bar hatsin a zangarniyarsa don kada ya lalace. Daga nan gwangwani na biyar ya daina kwana da kuɗi. Duk abin da ya shiga, kafin mako ya fita ya zama dawa ko man girki ko sukari ko gawayi, an jera a ƙarƙashin gado. Adashin da muke yi, wanda can ake kira "sanduƙ", mu mata goma sha biyu, Kirista biyar Musulmi bakwai, ya kusa watsewa, domin wadda ta kwashi farko ta ci riba, ta ƙarshe kuma takarda kawai take ɗauka. Ita ta kawo shawarar a daina zubi da adadin fam, a koma zubin kuɗin kilo biyar na sukari a farashin ranar. Da haka ta farko da ta ƙarshe suka zama ɗaya. Wannan dabara ba daga jami'a ta fito ba, daga wurin wadda ta saba zama da lamba kowane dare ta fito.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da ake wa'azinsa da sunan Kiristanci a kan kuɗi daidai ne. Khala da kanta ta fi kowa jin haushin masu wa'azin "shuka iri", waɗanda ke ce wa matalauci ya kawo kuɗin hayarsa gaban bagade, Allah zai ninka masa ɗari kafin wata. Takan ce wannan caca ce aka sa mata rigar coci, kuma littafinsu ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya yi musun bangaskiyarsa. Mu ma muna da namu: mai ninka kuɗi a ƙwarya, mai layar kasuwa, mai cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu bayan kwana talatin. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma a duka biyun masallaci da coci sun yi kuka tare. Wanda ya saba rubuta ribar kofin shayi ya san kuɗi ba ya haihuwa haka. Wanda ya ce lissafi rashin imani ne shi ake fara yanka.

Kuma abin bai tsaya kan mace ɗaya da gwangwanayenta ba. Tsohuwar hanya ce a wurinsu. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist a Ingila a ƙarni na 18, yana da sanannen wa'azi a kan amfani da kuɗi, inda ya haɗa nema ta halal da tsimi da bayarwa a matsayin abu guda. A garin Jirapa na arewacin Ghana, a 1955, wani limamin Katolika, Fada John McNulty, ya kafa ƙungiyar ajiya da lamuni da ake ɗauka ita ce ta farko irinta a Afirka. A nan gida ma ba sai mun je Sudan ba. Hausawa Kirista suna Wusasa, suna Malumfashi, suna Maraɗi, kuma duk wanda ya zauna kusa da 'yan Zumuntar Mata ya san yadda suke haɗa kuɗi su kai wa mai jego da marar lafiya da wadda aka yi wa rasuwa. Maƙwabtanmu ne. Girman kai ne kawai ya hana mu tambaya.

Saura in faɗi iyakar abin, don kada in zama kamar masu ɗora wa talaka laifin talaucinsa. Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana saura kwana shida salla, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Bankuna suka rufe. Wanda kuɗinsa ke cikin Bankak, manhajar Bankin Khartoum, sai ya jira ranar da intanet ta ga dama. Aka wawashe kasuwanni, Suƙ Libya ta faɗa hannun RSF, sojoji ba su karɓe ta ba sai a ƙarshen Maris na 2025. Littafin Khala bai tare harsashi ba, bai hana a fasa shagon maigidana ba, bai ceci kayan da na tara na aikowa Kano ba. Duk wanda ya ce wa mutanen Umbadda da sun yi tattali da ba su shiga wannan hali ba, azzalumi ne. Masu bindiga ne suka jefa su, kamar yadda masu mulki ne ke karya kuɗi, ba matan da ke cefane ba.

Amma ga abin da littafin ya yi. Ranar da aka fara harbi, gidaje da yawa a layinmu sun juye abin hannunsu a kayan salla, wasu ma da bashi. Mu muna da buhun dawa da jarkar mai da gawayi, domin shekara huɗu ke nan ina bin tsarin Khala, kuma babu mai binmu ko fam ɗaya. 'Yan kunnen zinare biyu da na saya da kuɗin gwangwani na biyar su suka fitar da mu daga Umbadda lokacin da kuɗin mota ya ninka ba adadi, har muka kai Port Sudan, daga can aka kwaso mu zuwa gida a watan Mayu. Khala ta zauna. Abin da ke ƙarƙashin gadonta da wanda muka bar mata shi ta riƙa dafawa ana rabawa a layi, kafin a kafa "takiyya", wato tukunyar unguwa da matasa 'yan sa kai suka riƙa ɗorawa a sassan Khartoum da Omdurman. Wadda aka ce ƙirge zai kore mata albarka, ita ta ciyar da waɗanda ba sa ƙirge. Hannun da bai tara ba ba shi da abin miƙawa.

Na dawo Kano na tarar da fim ɗin da na riga na kalla ana sake haska shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu 70, a lokacin da buhun shinkafa ya fi haka. Ga manhajojin bashi a waya, ka ci dubu 20 su aika wa surukanka saƙon cin mutunci. A cikin wannan hali ne ake kawo wa mace ankon dubu 45, in ta ce ba ya cikin lissafinta a ce ta koyo rowa a wurin Kirista.

To ni dai ga abin da nake yi, wanda ya ga zai iya ya gwada wata ɗaya kafin ya zage ni. Littafin naira 200 da biro. Kowane dare abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ƙosai da katin waya. Jari daban, riba daban. Haƙƙin Allah da na mabuƙata a fara cire shi, kada a jira ragowa, don ba a taɓa samun ragowa. Abin ajiya ya zama masara ko gero lokacin kaka, kada ya kwana a takarda. Bashi a rubuta shi da ranar biya, a gaban wanda ya bayar. Miji da mata su san littafin tare, domin rabin faɗan gida daga ɓoye lamba yake tasowa. Biki kuma a ba shi abin da aka ware masa, in ya ƙare a ce ya ƙare, ba tare da rantsuwa ko ƙarya ba. Kalmar "ba ni da hali" ba ta taɓa kashe kowa ba.

Khala tana Kosti yanzu wurin 'yarta, ta sake kafa kurfoti a bakin wata tasha. Da muka samu waya bara, bayan gaisuwa da tambayar yara, sai ta ce, "'Yata, akwai zubinki na sanduƙ da yaƙi ya hana ki kwasa, yana rubuce, kilo talatin da biyar na sukari." Na ce Khala na yafe, a bar maganar. Ta ce nata kason ta ji ta gode, amma na sauran mata ba ni da ikon hana su sauke nauyi, za ta gaya musu in an gano inda suke. Gida ya tafi, unguwa ta watse, littafin yana nan cikin jakarta.

Yayata, Inna, da ke 'yar uwa mai maganar salla, wannan ita ce matar da kuka raina. Ban ce ku bi addininta ba. Na ce ku sayi littafi. Allah Ya ba Sudan zaman lafiya, Ya mayar da kowa ɗakinsa, Ya raba mu da bashin da ba mu san adadinsa ba, Ya sa mu dace.